Kasuwancin waya ko kasuwanci ta waya?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. An kawo mini wata takarda ta horar da ƙananan 'yan kasuwa a nan Jos domin in mayar da ita Hausa, kuma tun a shafin farko na tsaya cik a kan kalmomi biyu, wato "mobile commerce" da "infrastructure". Abin da suke nufi ba baƙo ba ne a kasuwanninmu, suna ne kawai ba mu tsayar masa ba, shi ya sa na kawo abin da na yanke gabanku, ko a amince ko a gyara.

Kafin a raɗa wa abu suna, ya kamata a kalle shi da kyau. Akwai wani Alhaji da nake zama a rumfarsa a kasuwar Farin Gada, mai sarin kabeji da karas. Da sassafe yakan ɗauki hoton buhunan da aka sauke, ya tura wa wata Hajiya mai sarar kayan a Abuja ta WhatsApp. Ita kuma ta aiko da saƙon murya ta taya, ya ce albarka, ta ƙara, ya sallama. Ba ya barin a ɗaga buhu ko ɗaya sai wayarsa ta yi ƙara ya ga kuɗi sun shigo, sannan ya kira direba, ya tura wa Hajiya lambar direban da ta motar. Talla da tayi da biya da aika kaya duk sun gudana, alhali mutanen biyu sun fi shekara ba su haɗu ba.

Dalilan da suka kai 'yan kasuwa ga wannan hanya a bayyane suke. Wanda ya taɓa ɗaure damin kuɗi a ƙugu ya bi hanyar Akwanga da dare ya san fargabar da aka sauke masa. An huta da jabun takardu da rigimar canji, kuma kowane biya yana barin shaida, abin da ke kashe gardama tsakanin mai bashi da wanda ake bi. Ga matan aure da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakunansu, waya ta zame musu shago marar haya, kuma mu mutanen Jos da muka ga yadda gobarar kasuwar Terminus ta 2002 ta bar 'yan kasuwa a bakin titi mun san darajar rumfa.

Suna na farko da ya zo mini na "mobile commerce" shi ne "kasuwancin intanet", amma na ajiye shi, domin yanki mai yawa na wannan harka ba ya bi ta intanet. Mai ƙaramar waya marar data yakan danna lambobin bankinsa masu farawa da tauraro, irin su *737# na GTBank ko *894# na First Bank, ya biya kuɗin buhun masara a kasuwar Katako. Idan muka ce intanet, mun fitar da shi daga cikin sunan. Wani malamina ya ba da shawarar "kasuwancin tafi-da-gidanka", tun da haka aka kira wayar a lokacin da ta shigo ƙasar nan a 2001. Malam, sunan yana da daɗin ji, sai dai kunnen Bahaushe zai kai shi ga mai tura baro da ɗan koli, kamar yadda kotun tafi-da-gidanka ke nufin kotun da ke tashi ta je inda ake bukata. A nan kuwa ɗan kasuwa yana zaune a rumfarsa, saƙo da kuɗi ne suke tafiya.

Saura "kasuwancin waya", wanda shi ne ya fi saurin fita a baki, kuma shi ne ya fi haɗari. Duk wanda aka ce masa wane yana kasuwancin waya, zai fahimci cewa wayoyi yake sayarwa, kamar masu shagunan titin Ahmadu Bello, daidai da kasuwancin dankali ko kasuwancin shanu. Harafin liƙi na ƙarshen kalmar yana nuna hajar da ake sayarwa. Abin da muke bukata shi ne "ta" mai nuna hanya, irin ta "na zo ta Bukuru" ko "mun yi magana ta waya". Don haka na tsaya a kan "kasuwanci ta waya". Wata 'yar'uwa ta fi son "cinikayya ta waya", to amma cinikayya kalma ce ta mace, saboda haka "ta" ɗin da ke bin ta na iya zama ta mallaka, a koma gidan jiya. Kasuwanci kuwa namiji ne, mallakarsa "na" ce, don haka idan aka ji "ta" a bayansa babu wata fassara sai ta hanya. Ciniki ma namiji ne, kuma na bar "ciniki ta waya" ga harka guda, kamar ta Alhaji da Hajiya, kasuwanci kuma ga sana'ar baki ɗaya.

Ban ga bukatar ƙara "salula" ko "hannu" ba. Kalmar waya ta yi doguwar tafiya a bakinmu, daga zaren ƙarfe zuwa tangaraho da gidan waya da tarho, yau kuma idan aka ce waya babu mai tunanin wata sai ta aljihu. Mun kuma ga yadda "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ta kasa ture kwamfuta saboda tsawonta. Mutanen Kenya ma da gajeren suna suka yi nasara a 2007, inda suka ɗauki "pesa", wato kuɗi da Suwahili, suka kira tsarinsu na aika kuɗi ta waya M-Pesa.

Kalma ta biyu, wato "infrastructure", ta fi ba ni wahala. Gidajen rediyo sun saba fassara ta da "ababen more rayuwa", wanda ya dace da ruwan famfo da asibiti, amma bai dace da abin da ke ɗauke da cinikin Alhaji ba. Hotonsa yana bi ta turakun sadarwa, waɗanda akasarinsu da janareta da dizal suke aiki, ya wuce ta wayoyin da aka binne a ƙasa da kuma na ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Glo-1 na 2010. Kuɗin Hajiya kuwa suna tsallakawa daga bankinta zuwa nasa ta tsarin biya nan take da NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya wajen biyan kuɗi tsakaninsu, ya fara a 2011, lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014 kuma tana tabbatar da mai asusu. Sai mai POS da ke ba Alhaji takardun kuɗi ya sallami 'yan dako, sai direba da tashar mota. Ba more waɗannan ake yi ba, dogara ake yi da su, shi ya sa na kira su "ginshiƙai", kamar waɗanda ke riƙe rufin soro.

Farkon 2023 ne ya gamsar da ni cewa sunan ya zauna. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, kowa ya koma waya lokaci guda, nauyi ya fi ƙarfin abin da ke ɗauke da shi. Na tsaya gaban wani mahauci an cire kuɗi daga asusuna, shi kuma bai ga komai ba, ya ce mini cikin ladabi, "Malam, ka yi haƙuri, sai ya shigo." Na koma gida babu nama, kuɗin ba su dawo ba sai bayan kwanaki. Haka aka sake gani ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, manhajojin bankuna da dama suka tsaya.

A takardar dai na rubuta "ginshiƙan kasuwanci ta waya" a kan babi na biyu. "Alat" da "taransifa" na bar su yadda Alhaji ke faɗinsu, domin sun riga sun zauna a kasuwa. Wanda ban samo wa suna ba har yanzu shi ne mai POS: "wakilin banki" ya yi masa kaɗan tun da da yawansu na OPay ne ko Moniepoint, "ɗan canji" kuma yana da mai shi.