Kuɗin ajiyata na narkewa a banki, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin makaranta ne a Kano. Shekara huɗu ina tara kuɗi kaɗan-kaɗan don in sayi fili, yanzu sun kai naira miliyan uku, amma filin da nake hange kullum ƙara nisa yake yi.

Lokacin da na fara tarawa dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. A 2024 ta haura 1,500. A Disambar shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari, Babban Bankin Najeriya kuma tun a Nuwamba ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5. Abokan aikina suka ce in sayi takardun bashin gwamnati, ribar tana da tsoka. To ni ba na cin kuɗin ruwa, nan gizo ke saƙar.

Na gwada hatsi. Na sayi masara da kaka na ajiye, sai farashi ya karye, ga ƙwari, ga kuɗin sito. Da kyar na fid da uwar kuɗi. Maiɗakina ta dage sai zinare, ni kuwa tsoron ɓarayi nake, da abin da ake zaftarewa ranar sayarwa.

Saura Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci da babu kuɗin ruwa a cikinsu. Wanda ya taɓa saya, don Allah ya faɗa mini: in buƙata ta taso kafin wa'adi, ana iya fid da kuɗin ba tare da asara ba? Kuma ya ake lissafin zakkarsa?