Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ya shafi gona ko tarbiyya kawai?

Malamin Gona: Jama'a, kowa ya san wannan karin magana a kan tarbiyyar yara ake faɗinsa. Ni ina ganin ya dace da sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sare shi ƙasa-ƙasa kowace bazara. A jihar Maradi aka fara yaɗa dabarar a 1983, da taimakon wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, kuma yau ana ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Me kuka gani?

Baba Manomi: Malam, ya dace. Kututturen sabara ko kalgo yakan fito da toho da yawa. Ka zaɓi masu ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka cire sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, kada ka wuce nan. In ka aske su har kai, iska za ta karya su, ko akuya ta janyo su ƙasa. Kuma adda ta kasance mai kaifi, a sara daga ƙasa zuwa sama. Saran sama zuwa ƙasa yana ɓare ɓawo, gara da cuta su samu ƙofa. Duk wannan a kan ɗanyen toho ake yi. In ya riƙa a karkace, shi ke nan.

Hajiya Mai Dashe: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja. Tanƙwarawa tilastawa ce, nan kuwa ba a tilasta wa icce komai, hanya ake buɗe masa. Wanda ya fi dacewa a wurina shi ne "da ruwan ciki ake jan na rijiya". Saiwar tsohon kututture ta riga ta nitse ta kai ga danshi, shi ya sa tohonsa ke jure rani ba ban-ruwa. Dashen leda kuwa saiwarsa gajera ce, da yawansu ba sa ganin damina ta biyu in ba a kewaye su an shayar da su ba.

Malamin Gona: Hajiya, kin kawo hujja. Sai dai naki yana bayyana dalilin nasara, nawa yana maganar lokaci. Kututturen da ake tara wa kara a cinna masa wuta shekara da shekaru, saiwarsa mutuwa take yi. Daga nan babu ruwan cikin da za a ja na rijiya da shi.

Ɗalibi: Iyayena, inuwa ba za ta hana gero yi ba?

Baba Manomi: Yaro, ya danganta da iccen. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani, don haka gero yana samun rana a ƙarƙashinsa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Kalgo da sabara ne ke buƙatar a riƙa rage musu rassa kafin shuka, a samu makamashi a ciki. Fara da kamar 40 a hekta guda, ka ɗaura wa kowanne ƙyalle don masu neman itace su san da mai shi, sannan ku yi magana da makiyayan da ke shigowa bayan girbi tun kafin su iso.