Wai Heo Im na cikin Live Up to Your Name mutum ne na gaske?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanan nan nake kallon shirin Koriyar nan na 2017, Live Up to Your Name, idan aikin dare ya lafa a asibiti. Heo Im, likitan allurar gargajiya (acupuncture, wato tsira siraran allurai a jiki) na zamanin Joseon, tsohuwar daular Koriya, da rana yana duba talakawa a asibitin gwamnati na Hyeminseo, da dare kuma ya zaga gidajen masu sarauta a ɓoye yana tara dukiya. Ranar da aka kira shi ya yi wa sarki allura hannunsa ya kama rawa. Ya ranta a na kare, aka harbe shi da kibiya ya faɗa ruwa, sai ga shi a Seoul ta yau gaban likitar tiyatar zuciya, Choi Yeon-kyung.

Inda na kasa haɗiyewa shi ne yadda zai ɗora yatsu uku a wuyan hannun mutum ya zayyano ciwonsa kaf. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum ina riƙe wuyan hannun marasa lafiya, abin da nake samu bai wuce saurin bugun, ƙarfinsa, da ko yana tsallake ba. To an taɓa yin wannan mutumin kuwa?

Malam Tarihi:
Wa alaikumussalam Hajiya. An yi shi. Ɗan talakawa ne, mahaifiyarsa baiwa ce, amma gwanintar allura ta kai shi fada, har ya yi wa Sarki Seonjo maganin ciwon kai a 1604. A 1644 littafinsa kan allura da gasa jiki da hayaƙin ganye, Chimgu Gyeongheombang, ya fito. Dattijon likitan nan na cikin shirin, Heo Jun, shi ma na gaske ne, shi ya rubuta littafin magani Dongui Bogam da aka buga a 1613. Yaƙin da za ki gani kuma mamayar Japan ce ta 1592. Faɗawa Seoul ɗin dai, wannan aikin marubuta ne.

Abban Dutse:
Anti kin zurfafa da yawa. Mutum ya tsallake shekara 400 ba ki ce uffan ba, sai jin bugun jini ne ya tsaya miki a wuya? Ni Kim Nam-gil, jarumin da ya fito a Heo Im, nake kallo yana zare ido idan ya ga mota.

Maman Ilham:
Abba kenan. Tsallake zamani kowa ya san wasa ne, ita kuwa allura sai wani ya gani ya ɗauka za ta raba shi da tiyata. Shi ya sa nake bayan Yeon-kyung duk da zafin kanta.

Malam Tarihi:
A Koriya ta Kudu ba kara zube abin yake ba Hajiya. Likitan gargajiyarsu shekara 6 yake yi a jami'a, ya ci jarrabawar ƙasa kafin a ba shi lasisi, inshorar lafiya ma tana biyan kuɗin allura tun 1987. Har ƙaho suna yi irin na wanzamanmu, sai dai da kofuna. Duk da haka rigima ba ta ƙare tsakaninsu da likitocin zamani, musamman kan wa ke da ikon amfani da na'urorin ɗaukar hoton ciki.

Maman Ilham:
Na gode Malam, Allah Ya ƙara sani. Ina kashi na 7 cikin 16, don Allah kada wanda ya gaya min ko zai koma Joseon.