Neman shawara: sarauta mulkin kama-karya ce?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a nan Katsina. Da ƙyar na samu aikin, sai da kawuna ya sa baki, albashin ma ba ya kai wata, ga batun aure a gabana. An yi muhawarar ɗalibai, yarinyar da na horar ta ce sarauta mulkin kama-karya ce, tunda mutum ɗaya ke mulki. Ashe baban wani ɗalibi mai sarauta ne, yana zaune a gaba. Yanzu shugaban makaranta ya ce in kawo bayani a rubuce ran Litinin. Me zan rubuta?

Dattijon Ƙofar Soro: Yaro, kai ka jawo. Kama-karya ita ce mutum ya ƙwace mulki, ba mai ce masa kul: Idi Amin a Yuganda daga 1971 zuwa 1979, ko Abacha daga 1993 zuwa 1998. Na sarakuna mulukiyya ake cewa. Sarkin Katsina zaɓarsa ake yi, Ƙaura da Galadima da 'Yandaka da Durɓi ke zama a kai. Ka je ka durƙusa kawai.

'Yar Daura: Baba, a yi haƙuri, to zamanin En'e, hukumar gargajiya ta lokacin Turawa, fa? Kakana ya sha ɗauri a hannun 'yan doka don ya shiga jam'iyyar NEPU. Har ya rasu ba wanda ya ba shi haƙuri.

Dattijon Ƙofar Soro: 'Yata, wannan zalunci ne, zalunci daban, tsarin mulki daban. Kuma Turawa ke bisa kai. Ba su ne suka tuɓe Sarkin Katsina Yero suka naɗa Dikko a 1906 ba? Wanda ake tuɓewa ne ɗan kama-karya?

Wani malami: Kada ka rubuta komai, takarda ce za su riƙe ka da ita. Ni wata uku mai makarantarmu bai biya mu ba, ka yi magana ya ce ga ƙofa. Kama-karyar ke nan.

'Yar Daura: Wai wa ya rubuta mata jawabin?

Mai tambaya: Ba wannan na tambaya ba. Muhawara ce, ɓangaren da aka ba mu ke nan, kuma mu muka ci. Baba, in kowa ya durƙusa wa zai koyar?

Dattijon Ƙofar Soro: To ka tsaya. Litinin ɗin ba nisa.