Me za mu kira "polarity" a wajen waldar alminiyam?

1/ Masu walda da malaman lantarki, ina neman taimakonku. Ina koya wa yarana waldar TIG, wadda ake yi da allurar ƙarfen tangistin da iskar agon mai kare wurin waldar, sai muka zo kan saitin da injin ya rubuta "start polarity", na rasa Hausar da zan ba su. Na ce "ɓangare", wani yaro ya ce, "Oga, ɓangaren me?" Gaskiyarsa.

2/ Ga abin da ake nufi. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, amma ɓawon da ke rufe da shi sai ya haura digiri 2,000. Shi ya sa ake waldarsa da wutar AC mai kai da komowa. Idan allurar tangistin ta zama fozitif, wato EP, wutar tana fasa ɓawon, amma zafin yana taruwa a bakin allurar. Idan ta zama nagetif, wato EN, zafin yana nutsewa cikin ƙarfen, allurar ta samu sauƙi.

3/ To a ƙiftawar farko, kafin kai da komowar ta kankama, da wanne injin zai soma? Wannan ne saitin. Allura mai sanyi ba ta sakin wuta da kyau. Somawa da EP yana ɗumama bakinta nan take, ya kuma share wurin da za a fara ɗinki. Amma in allurar siririya ce, kamar mai milimita 1.6, kuma ka fiƙe ta, EP mai ƙarfi zai dunƙule tsinin, wani lokaci ma ya tofa ɓurɓushin tangistin cikin aikin. A irin wannan, musamman kan falle marar kauri, ni EN nake zaɓa, in haƙura da ɗan tangal-tangal ɗin da wutar kan yi kafin ta tsaya.

4/ Kalmomin da aka kawo mini tun jiya don fassara "polarity": kai, fuska, juyi, alƙibla.

5/ "Kai" na makanikai ne, kan batir ja da baƙi. Yana da kyau a batir, inda kowace waya ke zaune a wurinta. A nan ba a taɓa waya ko ɗaya, injin ne ke sauya hanyar wutar a cikinsa. "Juyi" kuwa ya fi dacewa da AC ɗin kanta. "Fuska" za ta rikice da fuskar ƙarfen da ake gogewa.

6/ Saura "alƙibla". Wani ya nuna damuwa cewa kalmar salla ce. Na fahimce shi, amma ai kullum muna cewa mutum ya sauya alƙibla, ko zance ya rasa alƙibla, ba wanda ya ɗauka raini ne. Kuma ita kaɗai ce ke amsa tambayar da yaro ke buƙata: ina wutar ta dosa?

7/ Ɗaya rabin kalmar, wato "start", shi ne ya fi ba ni wahala. Raina ya so "ƙyastu", don haka kakanninmu ke tayar da wuta. Na kai wa dattijon da ya koya mini sana'a, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, in ka ce ƙyastu, yaro zai goga allura a jikin ƙarfe kamar ashana, ya lalata ta." Na ce, "Haka ne, Baba." Injinan nan tartsatsi suke harbawa ta cikin iskar agon, allura ba ta taɓa aikin. Na janye ƙyastu, ko da yake har yanzu ina jin daɗinta a baki.

8/ Abin da na tsaya a kai: polarity, alƙiblar wuta. Start polarity, alƙiblar kunnawa. EP da EN mu bar su yadda suke a jikin injin, tunda su yaro zai gani a allon.

9/ Na gwada da safen nan. Na ce wa yaron, "Allurarka siririya ce, mayar da alƙiblar kunnawa EN." Bai tambaye ni komai ba, ya je ya murɗa.