Wane suna za mu ba likitocin 'yan sama jannati da ƙungiyoyinsu?

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina da aiki a hannu kan ƙungiyoyin likitocin da ke kula da lafiyar masu zuwa sararin samaniya, kuma abu uku sun tsaya mini a wuya. Na farko fannin kansa, wanda Turawa ke kira space medicine. Na biyu sunayen ƙungiyoyin: akwai babba, Aerospace Medical Association, sai wata a ƙarƙashinta, Space Medicine Association. Duk yadda na juya su, suna ɗaya suke ba ni a Hausa. Na uku wani likita da ake ce wa flight surgeon. A taimaka don Allah.

Ɗalibi: Wa alaikumus salam. Malam, ai na farkon mai sauƙi ne: maganin sararin samaniya. Na ukun kuma likitan tiyatar jirgin sama.

Malamar Hausa: A'a, ɗana. Maganin zazzaɓi shi ne abin da ke korar zazzaɓi, maganin sauro abin da ke kashe sauro. Maganin sararin samaniya ke nan zai kori sararin samaniya? Abin da ake nufi fannin ilimi ne da aiki, watau likitanci. A fara daga nan.

Likita: Hajiya ta yi daidai. Batun tiyata ma a ajiye shi gefe, domin mutumin ba ya yanka kowa. Tsohon laƙabi ne na sojan Amurka, inda ake kiran likitan runduna da wannan suna ko da bai taɓa riƙe wuƙa ba, sai ya bi likitocin matuƙa jiragen yaƙi, daga nan ya shiga hukumar NASA. Aikinsa shi ne ya tantance wa ya isa ya tashi, ya bi lafiyarsa tun kafin tafiya, ya zauna a ɗakin kula da tafiya da ke Houston yana sa ido, ya riƙa ganawa da shi a asirce ta na'ura, sannan ya tarbe shi ranar da ya sauko ƙafafunsa na rawa.

Bari in ɗan faɗi abin da fannin ya ƙunsa, wataƙila sunan ya fito da kansa. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, jiki ba ya jin nauyinsa. Ruwan jiki sai ya taru sama, fuska ta kumbura, hanci ya toshe, ƙafafu su tsuke. Ƙasusuwan da suka saba ɗaukar nauyi, kamar na ƙugu, suna rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ƙarfinsu duk wata, shi ya sa ake sa su motsa jiki kusan awa 2 kullum. Wasu ganinsu ya kan canza saboda jijiyar gani ta kumbura. Rana tana fito musu sau 16 a yini, barci ya rikice. Ga radiyeshan, ga kaɗaici. A 2020 aka wallafa rahoton wani ɗan sama jannati, ba a bayyana sunansa ba, da aka gano gudan jini a jijiyar wuyansa yana tsakiyar tafiya. Shi da kansa yake ɗora na'urar ɗaukar hoto a wuyansa, likitoci daga ƙasa suna ce masa matsa nan, karkata can. Ya yi ta yi wa kansa allurar tsinka jini da ɗan abin da ke tashar, har kumbon kai kaya ya iso da ƙwayoyi. Irin aikin ke nan.

Mai fassara: Na gode, Likita. To in ce likitancin sararin samaniya?

Ɗan jarida: Nan fa gizo ke saƙa. Mu a ɗakin labarai, sararin samaniya aiki biyu yake yi mana. Idan ƙasa ta hana jirage ratsawa ta samanta, cewa muke ta rufe sararin samaniyarta. Idan an harba kumbo zuwa duniyar wata, nan ma sararin samaniya. Mai sauraro ba zai san ko likitan matuƙin jirgin fasinja ake nufi ko na mai zuwa wata ba.

Malamar Hausa: Wannan da ka kira matsala, ni a wurina ita ce mafita. Likita, babbar ƙungiyar nan, ba duka biyun take haɗawa ba?

Likita: Duka biyun, Hajiya. Wani likita Louis Bauer ne ya jagoranci kafa ta a Amurka a 1929, lokacin babu maganar kumbo ko kaɗan, lafiyar matuƙa jirgin sama kawai ake yi. A farkon shekarun 1950 wasu mambobinta suka buɗe reshe na masu nazarin abin da zai sami mutum idan ya fita daga iskar duniya gaba ɗaya, kusan shekara 10 kafin Yuri Gagarin, ɗan sama jannati na farko, ya tashi a 1961. Reshen nan ne ya zama ƙungiya ta biyu da Malam ya ambata. Daga baya uwar ƙungiyar ta faɗaɗa sunanta don ya ɗauki ɓangarorin biyu. Akwai kuma ta likitocin NASA su kaɗai, akwai ta Turai, akwai ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1955.

Malamar Hausa: To shi ke nan. Bature sai da ya manna kalma biyu, aero da space, kafin ya sami abin da zai rufe jirgi da kumbo tare, mu kuwa muna da ita tun tuni. A bar wa babbar ƙungiyar likitancin sararin samaniya, tun da ta haɗa kowa. Ƙaramar, wadda ta keɓanta da masu fita can waje, a ce likitancin sama jannati. Kowane mai sauraron rediyo ya san ɗan sama jannati ba direban jirgin fasinja ba ne.

Dattijo: Hajiya, ki gafarce ni, ni dai wannan jannati ba ta taɓa kwanta mini ba. Kunnena aljanna yake jiyowa a ciki, alhali mutanen nan ko kusa da can ba su je ba. Me zai hana a ce likitancin falaki?

Malamar Hausa: Baba, ba kai kaɗai ba ne, na sha jin wannan ƙorafi. Sai dai falaki ya riga ya sami mai shi, ilimin taurari da lissafin tafiyarsu. Ka ce likitan falaki, wani zai ɗauka mai duba ne. Sama jannati kuwa bakin jama'a ya daɗe da karɓar ta, kuma ba wanda yake faɗinta yana nufin aljanna. Kalmar da yaro da tsohuwa suka sani ta fi wadda za mu ƙera yau mu kwana muna bayaninta.

Dattijo: Na ji, amma ban sauka ba. A rubuta cewa akwai wanda bai yarda ba.

Ɗalibi: Ni tambayata, me ya sa ba za a ce Ƙungiyar Likitocin Sararin Samaniya ba? Ya fi daɗin faɗa a kan likitanci.

Likita: Ya fi daɗi, amma zai kori rabin ɗakin taro. Babbar ƙungiyar ba ta likitoci zalla ba ce: akwai ma'aikatan jinya, masana yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, masana halayyar ɗan Adam, da masu bincike. Likitanci ya ɗauke su duka. Ta NASA ce kaɗai za a iya ce wa ƙungiyar likitoci kai tsaye.

Wani abu kuma, Malam, ka ɗan yi wa mai karatu bayani sau ɗaya cewa waɗannan ba irin ƙungiyoyin ƙwadago ba ne masu neman ƙarin albashi. Aikinsu taron shekara-shekara, fitar da mujallar bincike, ba hukumomi shawara kan ƙa'idojin lafiya, da raba lambobin yabo. Ba su ke ba da takardar ƙwarewa ba ma. A Amurka wata hukuma ce daban ke yin jarrabawar. Kan lambobin yabon akwai labari mai ɗaci. Ƙaramar ƙungiyar ta riƙa ba da lamba da sunan Hubertus Strughold tun 1963, Bajamushen da ake danganta wa ƙirƙiro sunan fannin a 1948. A 2013 ta daina, saboda tambayoyin da suka ƙi mutuwa kan matsayinsa a binciken likitancin sojan saman Jamus zamanin 'yan Nazi.

Ɗan jarida: Kafin a rufe, akwai ramin da nake ganin abokan aiki na faɗawa. Likita ɗan sama jannati daban, likitan 'yan sama jannati daban. Boris Yegorov na Tarayyar Sobiyet, likita na farko da ya je can a 1964, da Valeri Polyakov da ya yi kwana 437 a jere a tashar sararin samaniya ta Mir, su ne na farkon: likitoci ne da suka tashi. Na biyun yawancinsu ƙafarsu ba ta taɓa barin ƙasa a kumbo ba. Bambancin lafazin kaɗan ne, amma idan ka kuskure ka tura mutum sama yana zaune a ofis.

Mai fassara: Madalla. Ga abin da zan sa. Fannin da ya haɗa jirgi da kumbo: likitancin sararin samaniya, babbar ƙungiyar kuma Ƙungiyar Likitancin Sararin Samaniya. Na masu fita can waje: likitancin sama jannati, da Ƙungiyar Likitancin Sama Jannati. Mutumin da ba ya yin tiyata zan kira shi likitan matuƙa idan a rundunar sojan sama yake, likitan 'yan sama jannati idan a NASA ko takwarorinta yake. Sunan asali zan kawo shi sau ɗaya a farkon ambato don mai son ya bincika. Baba, na rubuta rashin amincewarka.

Saura ta ƙasa da ƙasan nan ta 1955. Ita ba ƙungiya suka kira ta ba, academy suka ce, kuma ba makaranta ba ce.

Likita: Ba makaranta ba ce. Ba ka shiga don ka biya kuɗin rajista kawai, sai an duba aikinka an zaɓe ka.

Malamar Hausa: To majalisa ce. Majalisar Ƙwararrun Likitancin Sararin Samaniya ta Duniya. Ya yi tsawo, na sani, amma nasu ma ba gajere ba ne. Bayan ambato na farko sai ka riƙa cewa majalisar kawai.