Warin banɗakinmu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin aikin famfo, ku taimaka min. Banɗakinmu a Rijiyar Zaki warin sokawe yake yi, musamman da asuba. Maiɗakina ta wanke da Hypo da Izal har ta gaji, mun kira mota ta zuƙe sokawen, amma a banza. Na lura daga ramin da ruwan wanka ke bi yake tasowa, domin in na cusa tsumma sai ya lafa. Mai gyara ya ce wai bututun ba shi da lanƙwasar da ke riƙe ruwa don tare wari, sai an fasa tayil. Ni kuwa bututun iskar da ke jikin katanga nake zargin ya toshe. Wanne zan fara dubawa? Gidan haya ne fa.